Addu'a ce, ba rantsuwa ba

Wani mahaifi daga Anjamena ya aiko da tambaya. 'Yarsa na rera taken ƙasar Chadi a makaranta lokacin ɗaga tuta, a ciki kuma akwai ambaton Allah. Maƙwabcinsa ya ce bai kamata a sa yara rantsuwa ba, wani ya ce ƙasar da ba ruwan gwamnatinta da addini ba ta da hurumin ambaton Allah. Shin rantsuwa ce yarinyar ke yi?

Alhaji, kwantar da hankalinka. Baitin da ake magana a kai, cikin taken da aka ɗauka a 1960, roƙo yake Allah ya kiyaye ƙasa. Wannan addu'a ce. Rantsuwa ita ce mutum ya kafa Allah shaida a kan maganarsa, ya ce wallahi ko tallahi, in ya karya kuma kaffara ta hau kansa: ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana 3. Mai addu'a bai ɗaure kansa da komai ba, nema yake. Abin yana damuna yadda muke cakuɗa kalmomin nan, har a tsorata yaro da zunubin da bai yi ba.

Akwai ta uku, alƙawari, wanda wasu ke cewa alƙawali. Hausawa suka ce alƙawari kaya ne, wato nauyi ne a kan wanda ya ɗauka har sai ya sauke. Irinsa ɗaliban Amurka ke yi wa tutarsu. An rubuta shi a 1892 ba ambaton Allah, sai a 1954 aka ƙara, har yau kuwa ana ja-in-ja a kai. Tun 1943 kotun ƙolinsu ta hana tilasta wa ɗalibi furta shi.

Maganar mutum na biyu, mai cewa ƙasa ba ta da hurumin ambaton Allah, ta masana doka ce. Nawa fagen shi ne kalma, kuma a Hausa "Allah" ba ta raba Musulmi da Kirista: ita ce a Littafi Mai Tsarki na Hausa tun bugun 1932, tare da "Ubangiji", wato uban giji, tsohon lafazin gida. Ka tsallaka gadar Ngeli zuwa Kuseri, za ka ji taken Kamaru da Faransanci yana ambaton kakanni da tuta, bai ambaci Allah ba.