Wane log ne a takardar taka?

Kai yaro, na ga lissafin da aka ba ku a makarantar yamma, x + log x = 2. Ka ce kwana biyu kana juya shi ya ƙi fita, kuma amsar abokinka ta saɓa da taka. Da wata tambaya ce da sai ka jira, aiki ya yi mini yawa. Amma wannan kalma ta log ta taɓa cinye mini jari, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin ina ƙaramin shago, wani ɗan kasuwa ya ba ni aikin na'urar kare firji guda 60, irin wadda in wuta ta dawo take jinkirta minti 3 kafin ta saki kwamfuresa. Da 555 na yi su, ɗan ƙaramin IC ɗin nan mai ƙidaya lokaci. Shi ya kawo mini zanen, hoton wani shafi ne da aka ciro daga littafin turawa, an rubuta lokaci daidai yake da R (resista) sau C (kafasita) sau log 3. Na ɗauko kalkuletata ta Casio na danna log 3, ya ba ni 0.477. Kafasita 470 maikuro nake da ita, lissafi ya kai ni ga resista 820k, wato om dubu 820, na sa. Azumi ya gabato, mutumin kullum yana bakin shago yana cewa kasuwar ƙanƙara za ta wuce shi. Don sauri na gwada da ƙaramar kafasita, na ji rile, makunnin da ke sakin wuta, ya yi ƙas, na zuba dalma a sauran. Dare huɗu ban yi barcin kirki ba.

Ashe mai littafin ln yake nufi, wani nau'in log daban da wanda na danna a Casio. Kafasitar 555 tana cika ne zuwa kashi biyu cikin uku na wutar da aka ba ta, shi ya sa ln 3 ke fitowa, wato 1.0986, wanda muke taƙaitawa 1.1. Resista 330k ya kamata in sa. Da 820k jinkirin ya haura minti 7, wasu ma sun fi haka saboda kafasitar na yoyo. Masu saye suka riƙa jira shiru, suka ɗauka kayan matattu ne.

Kuskuren nawa ne, ban taɓa musu ba. Na ce masa Alhaji dawo mini da su, resista ɗaya ce, wuni guda na gama. Ya tara mini jama'a a bakin shago yana rantsuwa na ɓata masa suna, ya hana ni cikon kuɗina, kayan ma ya ƙi dawowa da su. Bayan Sallah na gan su jere a rumfarsa ana saye. Na sayi ɗaya da kuɗina na kwance: 330k ce a ciki, da wata ƙazamar dalma kamar kashin kaza. Daga bakina ya ji maganin, ya kai wa wani yaro ya canza masa a kan 'yan canji. Bashin kayan nan sai da na sayar da babur ɗina na biya. Allah ya isa.

To ka ji. Kalmar ɗaya ce, masu ita uku. A Casio da Excel, log tushe 10 ne, shi ne na tsohon teburin lissafi da muka yi jarrabawa da shi, shi ne kuma na desibel a kayan sauti. Manyan malaman lissafi in sun rubuta log kawai, galibi tushe e suke nufi, 2.718, wato ln, haka yake a harsunan kwamfuta na Python da C. Masu ilimin kwamfuta kuma sau da yawa tushe 2 ne. Tsakanin ln da log na 10 ninki 2.303 ne, ninkin da ya mayar da minti 3 zuwa 7.

Lissafin naka kuwa ba zai fita da jujjuyawa ba ko shekara za ka yi, don x na waje kuma yana cikin log. Kalkulas ake sa masa. Yadda ake fitar da saurin canji ba zan koya maka ba, in ba ka iya ba me kake yi a aji? Ɗauki f daidai da x + ln x − 2. Saurin canjinsa 1 + 1/x ne, kullum sama da sifili tunda x ba ya sauka ƙasa da sifili. Layin hawa kawai yake, sau ɗaya zai ƙetare sifili, amsa ɗaya ce tak. A 1 yana ƙasa, a 2 yana sama, tana tsakani. Sai hanyar Niyuton, wadda ake matsowa kusa da amsa zagaye bayan zagaye: fara da 1.5, f ya ba ka −0.0945, saurin canji 1.667, raba su ka cire daga 1.5, ka sami 1.5567. Sake zagaye ɗaya, 1.557, ta zauna. In tushe 10 ne, saurin canjin ya koma 1 + 0.4343/x, amsar ta zama 1.756. Na tabbata ɗayanku na riƙe da waccan, ɗaya da wannan, kuna ta musu a banza.

Kada ka ɗauka wasan aji ne. Dayod da resista a jere, irin siffar lissafinsu ke nan, wuta a waje, wuta a cikin ln. Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu, ku ɗauki hoton tambaya da waya, amsa ta fito, ku kwafe, ba wanda zai tsaya ya ga ko ta yi kama da gaskiya. Mu teburi muka buɗa da yatsa har shafi ya yage.

Tunda darasin kalkulas ne, ina kyautata zaton ln malaminku ke nufi. Amma je ka tambaye shi baki da baki, ka rubuta tushen a saman takarda kafin ka fara. Ranar Asabar ka zo da wuri da kalkuletarka. Waccan na'urar da na saya a rumfarsa tana nan cikin durowa, za ka mayar mata da 820k ka riƙe agogo da hannunka.