Na sa sunan ɗana a waƙoƙin yara, ko na cuce shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce, ina rubuta waƙoƙin yara. Yawancinsu a kan ɗana ne mai shekara biyar, kuma da sunansa da hotonsa nake sa su a Facebook. Wadda ta fi karɓuwa ita ce ta ranar da ya yi fitsarin kwance. Ina shirin tattara su a littafi, sai abokiyar aikina ta ce wani Bature ya taɓa yin haka, ɗansa ya tsane shi har abada. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Gaskiya ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. A. A. Milne take nufi, wani marubuci ɗan Ingila. Labarin yana da tushe, sai dai an ƙara masa gishiri.

An haifi Milne a Landan a 1882. Lissafi ya karanta a jami'ar Kambirij, ya zama mataimakin edita a mujallar barkwanci ta Punch a 1906, ya je Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya dawo ya yi suna a rubutun wasan kwaikwayo. Rubutun yara ratse ya yi ya shige shi: littafin waƙoƙi biyu, a 1924 da 1927, da na labarin Winnie-the-Pooh, wani beyar wasan yara, biyu, a 1926 da 1928. Waɗannan huɗun suka binne sauran aikinsa, abin da ya riƙa ci masa rai har mutuwarsa a 1956.

Yaron da ke cikinsu ɗansa ne tilo, Christopher Robin, haihuwar 1920, kuma da sunansa na yanka aka sa shi. Akwai wata waƙa da ta nuna shi durƙushe bakin gado yana addu'ar barci. Iyaye suka yi ta sha'awa, har aka ɗauke ta a faifan garmaho. Da ya tafi makarantar kwana ta Stowe, sai 'yan ɗakin da ke maƙwabtaka da nasa suka samo faifan, suna sa shi dare da rana don tsokana. Ranar da ya shigo hannunsa, ragargaza shi ya yi. Dambe ma sai da ya koya don kare kansa. A littafin tarihinsa na 1974 ya faɗi cewa akwai lokacin da ya ji kamar kafaɗarsa ta jarirantaka uban ya taka ya hau.

Gishirin kuwa shi ne batun tsana har abada. Sun shaƙu ƙwarai a ƙuruciyarsa, Milne ma ya daina rubuta labaran tun 1928, kuma damuwa da yadda sunan yaron ya karaɗe duniya na cikin dalilansa. Tsamin ya zo ne bayan Yaƙi na Biyu, lokacin da Christopher ya yi ta neman aiki bai dace ba, ga kuma auren 'yar kawunsa da ya yi a 1948 ba da son iyayen ba. Kin ga a can ba kowa ke son auren zumunci ba.

Amma abin da ya fi damuna ba Milne ba ne, maganar da nake ji kusan kullum ce a bakin masu kawo mini rubutu: "Ai yaro ne, me ya sani?" Yau bai sani ba. Nan da shekara bakwai zai sani, 'yan ajinsu kuma za su riga shi sani. Ke malama ce, kin fi ni sanin yadda sunan tsokana ke manne wa yaro tun daga aji uku har ya yi gemu. Wanda aka taɓa yi wa kirarin amalala a tsakar gida ya san zafinsa, alhali wancan iyakarsa unguwa. Shi faifan garmaho ana iya fasa shi. Abin da ya hau Facebook wa zai bi wayoyin mutane ya goge? Har da masu kiran kansu maɗaba'a, da injin buga takardar biki ɗaya a shago, suna zuga marubuta wai hoton yaro na gaske ke sayar da littafi. Su kuɗin bugu za su karɓa su yi gaba, ba su za su raka shi makaranta ba. Abin mamaki, mu ne fa mutanen da uwa ke alkunyar ambaton sunan ɗanta na fari a gaban mutum biyu, yau ga shi muna yayata shimfiɗarsa ga dubbai.

Kada ki daina rubutun, ido irin na uwa shi ke ba waƙar yara rai. Ki dai laƙaba wa yaron cikin waƙar wani suna, ki samo mai zane ya ƙirƙiro masa fuska, ki cire sunan makaranta da unguwa. Waƙar fitsarin kuwa ki sauke ta daga shafinki yau, kada ta shiga littafin ko da an canza suna, tunda danginku da abokan aikinki sun riga sun san mai ita.