Alkama, zuma da na'urar gwaji: amsoshin masu ciwon suga

Wata baiwar Allah daga Zariya ta rubuto: "An gano maigidana na da ciwon suga nau'i na biyu, mutane sun ce mu bar tuwon masara. Buhun alkama zan saya ko acca ta fi?"

Hajiya ki ɗan dakata da zuwa kasuwar tukunna. Maganar alkamar nan ta cika gari, amma ita ma fa in ta shiga ciki suga take komawa kamar masara da shinkafa, balle wadda aka niƙa luƙwi aka tankaɗe dusar aka zubar. Na san gidan da aka koma tuwon alkama amma maigida malmala uku yake tashi da su da daddare, ana ta mamaki wai suga ya ƙi sauka. Acca ma abinci ce mai kyau, sai dai ba magani ba ce, ga tsada. Matsalar tana wajen yawan tuwon ne. Ki sa masa malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunsa, miya ta fi tuwon yawa, kuɓewa ko taushe mai ganye sosai, kuɗin buhun kuma ki karkatar da shi kan wake, ƙwai, kifi, zogale da kabeji. In ya ci ya ɗan taka, ko sallar isha'i ce ya tafi masallacin da ya fi nisa a ƙafa. Minti 30 sau biyar a sati ake so, 150 kenan.

Wani malami daga Maraɗi kuma cewa ya yi: "Na ga na'urar gwajin suga mai araha a intanet, in saya?"

Malam kafin ka tambayi kuɗin na'ura ka tambayi kuɗin tsinken gwajinta, wato ɗan siririn abin da ake ɗiga wa jini a sa a na'urar, kuma ka tabbatar ana samunsa a kemis ɗin kusa da kai, domin kowace na'ura da nata tsinken, na samfurin Accu-Chek misali ba zai yi aiki a wata ba. Mutane da yawa sun sayi mai arahar, tsinke ya ƙare, na'ura ta koma ajiya a durowa. Ka duba ranar lalacewa a jikin robar tsinken, ka riƙa rufe ta da ka ɗauki ɗaya, kar ka bar ta cikin mota a zafin nan namu. Galibi likitoci na son lambar safe kafin karyawa ta tsaya tsakanin 80 da 130, awa biyu bayan cin abinci kuma ƙasa da 180. In taka tana nuna ƙananan lambobi irin 7.0, wani ma'aunin ne, ka ninka da 18. Ka samu ɗan littafi kana rubutawa ka riƙa kai wa likitanka.

Sai mai tambaya ko zai iya sa zuma a shayi tunda ya bar suga. Yallaɓai zuma ma tana ɗaga suga, ko da ta amya ce zalla. Lemon kwalba kam ka yafe shi, roba ɗaya ta 50cl na iya ɗaukar sama da ƙaramin cokali 10 na suga. Zoɓo da citta da kanumfari ba suga, da farko za ka yatsine fuska, daga baya baki ya saba.

Ya kuma tambayi maganin da masu mota da lasifika ke cewa yana warkar da suga a sati biyu. Ka riƙe kuɗinka, kuma don Allah kar ka ajiye metformin, maganin sugan da aka rubuta maka, sai in likitan ne da kansa ya ce a rage.