Harbin Kifi da Baka Cikin Dare

Tambaya: Malam, ina so in fara harbin kifi da baka daga kwalekwale da daddare. Me zan tanada?

Amsa: Nemi baka mai ƙarfin ja fam 30 zuwa 40 (fam na awon nauyi), da kibiya mai nauyi mai ƙugiya, da igiya. Kada ka ɗaure igiyar a gindin kibiya, domin in ta sarƙe, kibiyar kan dawo ta soke ka. Ɗaure ta a zoben da ke zamewa jikin kibiyar, ka tura shi gaba kafin ka ja.

Kafa fitilun LED a goshin kwalekwale, ka bi ruwa marar zurfi. Ruwa na karya haske, kifin ya fi inda kake ganinsa zurfi, don haka saita ƙasa da shi sosai. Sa rigar ceto, ka binciki doka, ba kowane kifi aka yarda a harba ba.