Gidan kaka a Zangon Kumasi: me ya rage muku bayan korar 1969?

Tambaya: Barista, kakata ta wajen uwa ta bar ƙasar Kano tana amarya, ta bi mijinta fataucin goro. Sun zauna a Salaga, daga nan suka gangara Kumasi, suka sauka Aboabo tun unguwar tana ciyawa. Bayan mijin ya rasu, ita ta gina gida mai ɗaki takwas da kuɗin koko da ƙosai. Lokacin korar baƙi daga Ghana a 1969 ta damƙa makulli ga yaron da ta riƙa, ta dawo Kano da 'ya'yanta, a nan Allah ya karɓi ranta. Yanzu 'ya'yan wancan yaron sun ce gidan ubansu ne. Tunda ita ta sari wurin, kuma a can aka haifi mahaifiyata, gidanmu ne ba tantama. In kai su kotu?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan wannan baiwar Allah. Macen da ta tayar da ɗaki takwas daga bakin kasko a ƙasar da ba tata ba ta cancanci jikokinta su bi mata kadi. Sai dai ban ga takarda ko ɗaya ba, kuma gida yana bin dokar ƙasar da yake, don haka duk abin da zan faɗa sai lauya mai lasisin Ghana ya auna shi da takardunku.

Kalmar nan "ba tantama" ita nake so ka fara ajiyewa. Saran wuri hujja ce mai ƙarfi a al'adarmu, amma a Kumasi baƙo ba ya zama mai ƙasa don ya riga kowa sauka. Yawancin filayen garin ƙasar sarauta ce a ƙarƙashin Asantehene, sarkin Ashanti, wani yanki kuma yana hannun gwamnati. Abin da mutanen zango suka samu galibi izinin zama ne ta hannun sarakunan wurin, ko haya ta wasu shekaru. Ginin nata ne, ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuwa mai yiwuwa ba ta taɓa zama tata ba.

A ce ma ta mallaki filin dindindin. Sashe na 266 na tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce duk wanda ba ɗan ƙasa ba da yake da irin wannan mallaka a ranar 22 ga Agusta 1969, ta koma haya ta shekara 50 daga wannan ranar. Yi lissafi da kanka: wa'adin ya cika a 2019. Sashen ya kuma hana a ba baƙo hayar da ta wuce shekara 50 a lokaci guda. Ana iya neman sabuntawa, amma nema ne, ba a ba ka tabbas ba.

Haihuwar mahaifiyarka a Kumasi ma ba lallai ta fisshe ku ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta Ghana ta 2000 ta ce wanda aka haifa a can kafin 6 ga Maris 1957 ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa shi ma haifaffen can ne. Yadda ka ba da labari, iyayenta biyu daga Kano suka taso. In akwai wata takardar zama ɗan ƙasa da aka yi daga baya, to magana ta canza, sai a duba.

Akwai abin da ke gefenku. Umarnin da gwamnatin Firayim Ministan Ghana Kofi Busia ta bayar a ranar 18 ga Nuwamba 1969 ya ba baƙin da ba su da takardar izinin zama mako biyu su fice. Mutane ya kora, bai ce gidan wanda ya tafi ya zama na wanda ya tarar ba. Da yawa sun karyar da gidajensu a wulaƙance don su samu kuɗin mota, kuma wannan ce tambayar farko da lauyan ɗaya ɓangaren zai jefo: ajiya ta bayar ko sayarwa ta yi? Wa ya shaida?

A nan shari'ar take kwance. Dokar ƙayyade lokaci ta Ghana ta 1972 ta ba mai neman ƙasa shekara 12 ya kai ƙara, daga lokacin da wani ya riƙe ta a matsayin tasa. Mai riƙon amana, a ƙa'ida, agogo ba ya fara buga masa sai ranar da ya fito ya musanta amanar. To yaushe suka fara cewa gidan ubansu ne? In bara ne, da sauran magana. In kuwa sun shekara 30 suna karɓar kuɗin haya da sunansu, sun canza kwano, sun ƙara ɗakuna, ba wanda ya taɓa aika musu ko wasiƙa daga Kano, ina tsoron kotu ta ce kun makara. Ba na jin daɗin mutumin da aka raini ubansa a gida, aka ba shi makulli a ranar kuka, sannan ya murje ido. Amma alƙali shaida yake tambaya, kuma shiru na shekara fiye da 50 nauyi ne a wuyanku.

Sannan kai jika ne ta wajen 'ya mace. Ba kai tsaye kake gadon kakarka ba, rabon mahaifiyarka ne zai gangaro maka, in ta rayu bayan uwarta, tare da 'yan'uwanka. Kawunnanka da innoninka da zuriyarsu duk suna ciki. Ghana kuma ba ta da kotun shari'ar Musulunci irin tamu, kuma dokar gadonta ta 1985 ba ta bin rabon da muka sani, don haka shekarar da kaka ta rasu tana da muhimmanci. Takardar izinin kula da gado da wakilcin sauran magada, waɗannan aikin yau da kullum ne, lauya zai yi.

Shawarata, kada ka fara da kotu. Ko ka so, dokar filaye ta Ghana ta 2020 ta tanadi a bi hanyar sasanci kafin ƙara a yankunan da ake rajistar filaye. A sa lauya ya bincika a Hukumar Filaye da ofishin filaye na Asantehene a ga sunan da ke kan fulotin. Daga nan dattawanku biyu ko uku su je, su bi ta fadar Sarkin Zango da limamin unguwa, inda har yanzu za a iya samun tsohon da ya sha kokon kakarku. A gaban irin waɗannan mutane musu yana wuya fiye da a gaban alƙali. Abin da za ku iya samu, a ganina, shi ne ɗaki biyu ko uku, ko kaso a kuɗin haya, ko wani adadi a biya ku, a rubuta a sa hannu. Kada kowa ya je ya fasa ƙofa ko ya tsorata 'yan haya, laifi ne, kuma kai baƙo ne a can.

Kafin tafiya a buɗe adakar kaka. Rasit na harajin gida, takardar fuloti, wasiƙar ajami da yaron ya taɓa aikowa, ko shaidar wani ɗan goro da ya taɓa kawo mata kuɗin haya Kano, duk a tattara. In akwai tsohuwar da ta ga ranar da aka miƙa makullin, a naɗi maganarta a gaban lauya cikin wannan watan.