Batirin dron ɗina ya kumbura, in ci gaba da aiki da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina. Ɗaya daga cikin batiran dron ɗina ya yi ciki, har sai na danna shi da ƙarfi yake shiga mazauninsa. Amma yana ɗaukar caji, yana kuma tashi. Ko shekara bai yi ba. Zan iya lallaɓawa da shi zuwa bayan Sallah?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, a'a. Ka cire shi daga aiki yau ɗin nan.

Irin wannan batir sunansa LiPo, kuma kumburin da ka gani iska ce ta taru a ciki saboda sinadarin cikinsa ya fara lalacewa. Ba ya komawa daidai. Na san akwai masu huda shi da allura wai iskar ta fita. Kada ka kuskura. Hudawa na iya haɗa sassan ciki, nan take ya kama da wuta. Ka kuma tuna ina kake tashin dron ɗin nan: bisa kan jama'a. Batirin da ke shiga da ƙyar yana iya fita daga mazauninsa yana sama, ga dawakai ga yara a ƙasa ranar hawa.

Abin da ya kashe shi da wuri, ina kyautata zaton abu biyu ne, kuma kusan duk masu sana'arku na yin su. Na farko zafi. A watan Afrilu zafin Katsina kan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Ana gama ɗaukar kamu, a jefa jaka a but, a tafi cin abinci. Na biyu, ajiye shi cike. Batirin LiPo ƙananan batura ne aka haɗa a cikinsa, ana ce musu ƙwayoyi. Kowace ƙwaya tana cika ne a 4.2V (V ma'aunin ƙarfin wuta ne), amma ba ta son zama a haka. Idan za ka yi kwana biyu ko uku ba aiki, ka bar ta wajen 3.8V, wato kusan rabin caji. Batiran DJI, kamfanin da ke ƙera dron, da yawa suna sauke kansu zuwa kusan kashi 60 cikin 100 idan sun ɗauki 'yan kwanaki a ajiye. Mutane sai su ɗauka lalacewa ce, su sake cika shi, alhali kare kansa yake yi.

Wani abin kuma, kada ka tsotse shi ƙarƙaf. Ƙwaya ta sauka ƙasa da 3.0V ta ji rauni. Ka sauko da jirgin tun da saura kashi 20 zuwa 25, kuma ka bari ya huce kafin ka jona shi.

Kan jonawar ma akwai magana. Ɗabi'armu ce in an kawo wuta da tsakar dare a jona komai a koma barci. Waya ta sha wannan, amma LiPo ba a barin sa shi kaɗai. Ni a tsakar gida nake cajin nawa, cikin tukunyar ƙasa, da bokitin yashi a gefe, nesa da katifa da jarkar man janareta. Matata tana yi mini dariya, ban damu ba. In ya kama, ka watsa masa yashi ka ja baya, hayaƙinsa guba ne.

Shi kuwa kumburarren, ka sa shi cikin yashi a inuwa, kada ka jefa a bola da cajinsa, domin bolarmu ƙona ta ake yi.

Tambaya: Malam, ina haɗa ƙaramin jirgi da hannuna a Daura, da soso da inji na saya ta intanet. An rubuta wa injin 3S. Na ga batir mai 4S 5000mAh, na ce tunda ya fi girma zai fi daɗewa a sama. Ya ka gani?

Amsa: Allah ya yi wa hannunka albarka. Amma ka dakata da sayen.

S ɗin nan yawan ƙwayoyin da aka jera ne. Kowace 3.7V ce, don haka 3S shi ne 11.1V, 4S kuma 14.8V. Ka ba kayan da aka yi don 3S ƙarfin 4S, to ko injin ko na'urar da ke sarrafa gudunsa ɗaya zai yi hayaƙi. Shi kuwa mAh girman tanki ne, kuma tanki babba nauyi ne. Jirgin soso da 5000mAh wataƙila ko ƙasa ba zai bari ba.

Lambar da ba a kula da ita ita ce C, wadda ke nuna yawan wutar da batir zai iya bayarwa lokaci guda. Ka ninka ta da girman batirin: 2200mAh mai 25C, wato 2.2 (2200 raba 1000) sau 25, zai ba da 55A (A ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne). Ka duba abin da injinka ke ja, ka bar rata mai kyau a sama, domin masu arahar nan suna zuƙa lamba a jikin leda. Wajen caji ka tsaya a 1C, wato 2.2A ga wannan batirin, kuma da cajar da ke daidaita ƙwayoyi ta ƙaramin farin soket ɗin da ke jikin batirin. In ba haka ba wata ƙwaya za ta wuce 4.2V tun wata ba ta cika ba.

Tambaya: Na saya wa ɗana motar rimot, cajarta ta ɓata. In yi amfani da ta waya?

Amsa: Hajiya, ki buɗe ki karanta jikin batirin tukuna. In an rubuta NiMH, ƙwayarsa 1.2V ce, cajarsa daban da ta LiPo, ba a musaya. Don bakin ya shiga ba shi ne ta dace ba. Ki tafi da batirin kansa wajen mai gyara ya duba ƙarfinsa, kuma cajin ya zama a hannunki, ba a ɗakin yara ba.