Tambaya da Amsa: Digirin Digirgir a Fannin Ƙera Jiragen Ruwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni haifaffen Agege ne, na yi digirin farko a fannin injiniyan kanikanci, kuma shekara biyar ke nan ina aiki a wata ma'aikatar gyaran jiragen ruwa a Apapa. Yanzu ina gab da kammala digiri na biyu, kuma hankalina ya karkata ga yin digirin digirgir a fannin zayyana da ƙera jiragen ruwa da injinansu. Waɗanne sharuɗɗa ake nema, a ina ake yin karatun, kuma wa yake biyan kuɗinsa? Ina tsoron a ce ba fannina ba ne tun farko. Mahaifina, wanda ya yi rayuwarsa a fataucin shanu, yana ganin in riƙe aikina ya fi. Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, tsoron da ka ambata shi ne mafi sauƙi a cikin tambayarka, don haka bari mu kawar da shi tukuna. Sassan jami'o'in da ke koyar da wannan fanni sun saba ɗaukar waɗanda suka fito daga kanikanci, da injiniyan gine-gine, da na jiragen sama, har da masu digirin lissafi, domin tushen duka ɗaya ne: yadda ruwa yake motsi, yadda ƙarfe yake ɗaukar nauyi, da yadda zafi yake komawa ƙarfin da ke juya inji. Abin da za a tarar ba ka karanta ba shi ne lissafin zaman jirgi a kan ruwa da daidaituwarsa, kuma wannan da kwas ɗaya ko biyu ake cike shi. Shekaru biyar ɗinka a Apapa kuwa jari ne, domin da yawa daga cikin waɗanda za ka zauna da su ba su taɓa tsayawa ƙarƙashin cikin jirgi bayan an zuƙe ruwa ba, balle su ga yadda tsatsa da ƙananan halittun teku suke manne wa ƙarfe har su rage wa jirgi gudu.

Abin da ya fi buƙatar tunaninka shi ne irin aikin da za ka shiga. Fannin yana da ɓangare biyu. Na farko ya shafi gangar jikin jirgi, wato siffarsa, da ƙarfinsa, da turjiyar da ruwa yake yi masa, da yadda yake komawa daidai idan igiyar ruwa ta karkatar da shi. Na biyu ya shafi abin da ke cikinsa: babban inji, da sandar da ke kai ƙarfi ga farfela, da wutar lantarki, da famfuna. Mai digirin farko yana ɗanɗana duka, amma mai digirin digirgir yana ɗaukar tambaya ɗaya ƙarama, wadda babu wanda ya riga ya amsa ta, ya zauna a kanta shekara uku zuwa biyar. Wani zai ƙare shekarunsa a kan kumfar da ke tasowa a bayan fukafukan farfela tana cin ƙarfensu, wani a kan yadda walda take gajiya ta tsage bayan igiyar ruwa ta lanƙwasa ta sau miliyoyi. Idan jin wannan ya sa ka ƙosa, to ka saurari mahaifinka. Idan kuwa ka ji kamar an taɓo maka inda yake yi maka ƙaiƙayi, mu ci gaba.

Domin ka ga aikin da idonka, ga misalin kwamin gwaji. Wani Baturen Ingila mai suna William Froude ne ya fara gina irinsa a garin Torquay a farkon shekarun 1870, kuma har yau da ƙa'idarsa ake aiki. Dogon kwami ne cike da ruwa, da layin dogo a gefensa biyu, da keken da ke jan ƙaramin samfurin jirgi yana auna ƙarfin da ake buƙata kafin a ja shi. A ce jirgin gaske tsawonsa mita 100 ne kuma yana tafiyar mita 10 a daƙiƙa. Idan an sassaƙa samfurinsa mai mita 4, wato an rage shi sau 25, to gudunsa sau 5 kawai za a rage, a ja shi a kan mita 2 a daƙiƙa, sai igiyar da yake tayarwa ta yi kama da ta babban jirgin. Bayan kowane ja, dole ɗalibi ya zauna ya jira ruwan ya kwanta sarai kafin ya sake, kuma haka zai wuni. Kwamin Jami'ar Mishigan a Amurka ya kai ƙafa 360, na Strathclyde a Gilasgo mita 76, na Southampton mita 138. A yau babban ɓangare na wannan aiki ya koma cikin kwamfuta, shi ya sa nake ba ka shawara ka fara koyon rubuta manhaja da Python ko MATLAB tun yanzu, ka kuma gwada hannunka a kan OpenFOAM, manhajar kwaikwayon motsin ruwa wadda kyauta ake samunta. Malamin da zai ɗauke ka zai fi duba wannan da ƙarfin lissafinka fiye da sunan digirinka.

Takardun da ake nema kusan iri ɗaya ne a ko'ina: sakamako mai kyau a digiri na farko da na biyu, da cikakkiyar takardar makin kowane kwas, da wasiƙun shaida biyu ko uku daga malaman da suka san aikinka, da bayanin binciken da kake son yi. Ka fara neman takardar maki tun kafin ka gama komai, domin ita ce ta fi ɓata wa mutanenmu lokaci. Jami'o'in waje da yawa suna neman jarrabawar Turanci ko da da Turanci ka yi karatu, kuma maki 6.5 a IELTS shi ne abin da aka fi ambata. Birtaniya tana da ƙarin sharaɗi: wannan fanni yana cikin waɗanda gwamnatinsu take tantancewa saboda alaƙarsa da harkar soja, don haka ɗan Najeriya sai ya sami takardar izinin da ake kira ATAS kafin a ba shi biza.

Tsarin karatun ne ya bambanta. A Amurka, misali a Mishigan inda aka fara koyar da fannin tun 1881, za ka yi kwasa-kwasai na shekara ɗaya ko biyu, ka ci jarrabawar cancanta, sannan ka gabatar da tsarin bincikenka a gaban kwamitin malamai aƙalla huɗu, ɗaya daga wani sashe dabam, kafin a amince ka zama ɗan takarar digirin. Gaba ɗaya shekara huɗu zuwa biyar. A Birtaniya babu kwasa-kwasai masu yawa, bincike ake shiga kai tsaye, a duba ci gabanka a ƙarshen shekarar farko, a ƙarshe kuma masu jarrabawa biyu, ɗaya daga wata jami'a, su zauna da kai a ɗaki su bi kundinka shafi-shafi. A Delft ta ƙasar Holan da jami'ar NTNU ta Trondheim a Norwe, gurbin digirin digirgir aiki ne da ake tallatawa kamar kowane aiki, da albashi, shekara huɗu a Holan, uku a Norwe. Akwai kuma Jami'ar Harkokin Teku ta Duniya a Malmo ta Suwidin, wadda IMO, hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa a 1983, amma ita ta fi ƙarfi a dokoki da gudanarwa, don haka ba ita ce ta dace da abin da ka bayyana ba.

A gida, Jami'ar Jihar Ribas da ke Fatakwal tana da daɗaɗɗen sashen injiniyan jiragen ruwa mai karatun gaba da digiri, kuma akwai fannin a Jami'ar Neja Delta da ke Amassoma da Jami'ar Harkokin Teku ta Najeriya da ke Okerenkoko, wadda ta fara karatu a 2018. Jami'o'inmu sukan nemi matsakaicin makin digiri na biyu da bai gaza 3.5 cikin 5 ba, wasu kuma 4.0, da aƙalla shekara uku na karatu. Idan ba ka son barin Legas da aikinka, kana iya yin rajista a sashen kanikanci ka ɗauki batun da ya shafi jirgi, muddin ka sami malamin da zai iya duba shi da gaske. Kalmar muddin ɗin nan ka riƙe ta, domin a wannan mataki malami ake zaɓa kafin jami'a. Ka karanta maƙalu uku ko huɗu da ya wallafa kwanan nan, ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa da ke nuna ka karanta su, ka kuma nemi jin ta bakin ɗalibansa na baya a kan ko yana samun lokacinsu.

Maganar kuɗi kuwa, ra'ayina a fili yake: kada ka bari a sayar da saniya ko ɗaya saboda wannan karatu a ƙasar waje. A Amurka, ɗaliban injiniya a wannan mataki yawanci malaminsu ne yake biya musu kuɗin makaranta da alawus daga kuɗin binciken da ya samo, su kuma su yi masa aiki. A nan gida akwai tallafin PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, wanda ya dace da masu binciken da ya shafi haƙar mai a teku, da na TETFund, wanda malaman manyan makarantun gwamnati kaɗai yake ɗauka, sai kuma tallafin ƙasashen Kwamanwel. Gurbin da ya zo ba tare da tallafi ba, ka yi godiya ka sake nema baɗi.

Sauran batun bincike, kuma a nan nake so ka tsaya ka dubi inda kake. Dokar sufurin gaɓar teku ta 2003 ta tanadi cewa jiragen da ke aiki a ruwan Najeriya su kasance ƙirar gida, amma ƙarancin masu zayyana da wuraren ƙira ya sa ake ta ba da izinin amfani da jiragen ƙirar waje. Ma'aikatar jiragen sojan ruwa da ke Victoria Island ta ƙera jiragen NNS Andoni a 2012, da NNS Karaduwa a 2016, da NNS Oji a 2021, kuma a nan Legas aka ƙarasa haɗa sassan katafaren jirgin mai na Egina a 2018 bayan an jawo shi daga Koriya ta Kudu. Kuɗin bincike a duniya yanzu ya fi karkata ga rage hayaƙi, tun da IMO ta amince a 2023 cewa sufurin teku ya kai ga daina ƙara gurɓata iska a wajajen 2050, kuma wanda ya bi wannan hanya zai fi saurin samun gurbi. Amma ni zuciyata tana kan kwale-kwale. Jirgin da ya nitse a kusa da Warrah ta Jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da wanda ya kife a Patigi ta Jihar Kwara a watan Yunin 2023 da mutane fiye da ɗari da suke dawowa daga biki, na katako ne da aka ƙera da ido da gwanintar gado. Gwajin daidaituwa abu ne mai sauƙi: a matsar da nauyin da aka sani daga gefe zuwa gefe, a rataya zare mai dalma a auna karkatar, lissafi ya nuna inda tsakiyar nauyin jirgin take da yawan mutanen da zai ɗauka lafiya. Wanda ya auna irin waɗannan jirage a Kogin Kwara da tafkin Legas, ya fitar da ƙa'idar lodi da maƙerin ƙauye zai iya aiki da ita, ya yi binciken da ya cancanci digiri, kuma kai kana da harshen da za ka zauna da masu jiragen Yawuri ku fahimci juna.

Mahaifinka kuma, kada ka je masa da buri kawai. Gaskiya ce guraben masu wannan digiri a Najeriya ba su da yawa: koyarwa a jami'a, da NIMASA, hukumar kula da sufurin teku ta Najeriya, da kamfanonin mai, da hukumomin tantance ingancin jirage irin su Lloyd's Register da DNV. Ka nemi gurbin kana kan aikinka, idan takarda ta zo da adadin alawus a rubuce, ka kai masa ka karanta masa, ka nemi albarkarsa. Ɗan kasuwa ne, zai gane ciniki idan ya gan shi.

TAMBAYA: Ƙanena ya gama babbar difloma a makarantar horar da ma'aikatan jiragen ruwa ta Oron, kuma burinsa ya zama babban injiniya a jirgi. An ce mana sai ya yi digiri na biyu da na uku. Haka ne? Daga wata mai karatu a Idi-Araba.

AMSA: Malama, ba haka ba ne, hanyar ƙanenki dabam take da ta mai tambayar farko. Muƙaman cikin jirgi suna tafiya ne bisa yarjejeniyar STCW ta 1978 kan horar da ma'aikatan jirgi da ba su takardar shaida, wadda aka yi wa babban gyara a Manila a 2010, kuma abin da take nema shi ne watannin aiki a teku da takardar ƙwarewa, wadda NIMASA take bayarwa a Najeriya bayan jarrabawa. Zai fara a matsayin ɗan koyo, ya sami takardar injiniyan da ke tsaron ɗakin inji, ya hau zuwa injiniya na biyu, sannan babban injiniya, wanda a manyan jirage masu ƙarfin kilowat 3,000 zuwa sama ake neman ya tara kimanin wata 36 a teku. Idan daga baya ya so koyarwa ko bincike, sai ya yi diflomar gaba da digiri, ta kai shi ga digiri na biyu. A yanzu ku taya shi neman gurbin ɗan koyo a jirgi, domin nan ne yawancin yaranmu suke maƙalewa, kuma ki ja masa kunne ya tabbatar babban injiniyan jirgin yana sa hannu a littafin horonsa kafin ya sauka, domin watannin da ba su da shaida a rubuce ba a lissafa su ranar jarrabawa.